Ranar da Alhaji Labbo Ya Je Nema Mini Auren Noriko

Duk wanda ya san tashar motar Gummi ya san ni. Ni ne Mamman mai fenti, mai zana zaki da mikiya a bayan manyan motoci. Direbobi kan ce in na ba da labari a kasa shi uku, a zubar da kashi biyu, ɗayan da ya rage ma a tace shi da rariya. Ban taɓa musu ba. Sai dai labarin zamana a Japan shi kaɗai ne na yi ta ƙoƙarin ƙara masa gishiri yana ƙin karɓa.

Na sauka filin jirgin Narita a farkon shekarun dubu biyu, tsakiyar sanyi, daga ni sai riga 'yar shara da hula da jakar burushina. Wani mai zaƙin baki da na haɗu da shi a Legas ne ya shirya mini takardu. Ya rantse mini cewa Japanawa suna ƙera mota amma ba su da mai yi mata ado, suna neman irina ido rufe, kuma ƙanensa zai tarye ni da allo ɗauke da sunana. Na tsaya ina karanta allunan mutane har na haddace sunayen rabin duniya, nawa bai zo ba. Na buga lambar da ya ba ni, wata mata ta ɗauka da murya mai daɗi. Na gaishe ta, na tambayi gida da yara, ta maimaita abin da ta faɗa. Sai a bugu na wajen biyar na gane na'ura nake gaisarwa.

Wata tsohuwa mai shara ce ta fara tausaya mini a ƙasar nan. Ta ga haƙorana suna kaɗa kalangu, ta je wani akwatin ƙarfe ta latsa, ta kawo mini gwangwanin shayi mai zafi, ta ɗora mini a tafin hannu, ta rusuna ta wuce. Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata. Daga baya wani Bapakistane mai sayar da tsofaffin motoci ya kwashe ni zuwa Saitama, ya ajiye ni a wani ɗaki saman shago inda baƙi ke sallar Juma'a, ya ce in Allah ya yi zan ga ɗan ƙasarmu.

Ana sallame salla sai na ji wani a sahun baya ya yi atishawa, ya ce, “Alhamdu lillahi. Kai, wanga sanyi ba shi da uwa.” Na juya kamar an kira sunana. Dattijo ne baƙi dogo, da furfura a gemu. Shi ne Alhaji Labbo, mutumin Bukkuyum, wanda ya daɗe a Japan har harshensu ya zauna a bakinsa. Da na ce daga Gummi nake, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya tambayi gidanmu, ashe ya san kakana, malamin da ya karantar da rabin unguwarmu Alƙur'ani. Tun daga ranar na koma kiransa Kawu.

Kawu yana da fili bayan gari inda ake farfasa tsofaffin motoci, a cire inji da ƙofofi a loda a kwantena zuwa Legas. Ni da na zo yi wa mota kwalliya, sai ga ni ina yi mata fiɗa. A kwantena ɗaya nake kwana, sanyi na shigowa ta ƙasa ta sama, har na fara zargin yana da makulli. Abinci kuwa shinkafa ce fara, ba mai ba yaji, da kifin da bai ga wuta ba. Nakan rufe ido in ga tuwon shinkafar Inna da miyar kuka da kifin kogi soyayye, in buɗe in ga ƙarfe. Idan na samu Inna a waya, a gidan wani ɗan kasuwa da ake kiranta ta zo, nakan ce mata ina cin abinci da gwamnoni. Takan ce, “To Mamman, ka dai riƙa salla.” Ta san ɗanta.

Wata rana inji ya suɓuce ya kusa raba ni da yatsu. Kawu ya duba hannun ya ce wannan ba hannun guduma ba ne, in ya bari ya lalace ba zai iya haɗa ido da mutanen Gummi ba. Sai ya kai ni wurin wani tsoho da ya taɓa sayen motar ɗaukar kaya a hannunsa, mai ƙaramin gidan buga littattafai. Aikina ninke takarda, ɗaure kwali, da lodi.

A nan na ga abin da ban taɓa jin labarinsa ba. Ka san hotunan nan masu motsi da suke nunawa a talabijin, da littattafan zane da kowa ke karantawa a jirgin ƙasa, yaro da kaka. To akwai mutane, galibin masu zuwa gidan bugunmu mata, manya masu aikin ofis, waɗanda idan labari ya ƙare ba yadda ransu ke so ba, sai su ɗauki alƙalami su ci gaba da shi da kansu. Su ɗauko mutum biyu daga cikin labarin, waɗanda mai labarin ya hana su juna, su haɗa su soyayya. Su buga kaɗan da kuɗin aljihunsu, su kai wani babban taro su sayar wa masu irin ciwonsu. Dojinshi suke kiran littattafan. Na ce ashe ƙasar nan cike take da masu dalilin aure, sai dai duk angwayen na takarda ne.

Ranar farko na buɗe ɗaya don in ga ingancin fenti. Shafin farko gaisuwa, na biyu riƙe hannu, na ce to. Da na kai tsakiya sai na rufe da ƙarfin da ya sa tsohon ya leƙo. Na manya ne, an ma rubuta a bango, ni ne ban iya karatun ba. Na je na sake alwala ko da yake ban tabbata ta karye ba. Na gaya wa tsohon da hannu da ka cewa zan ɗauki kwali har bayana ya karye, amma kada a ce in duba ciki. Ya yi dariya har da tari. Raina bai taɓa kwanciya da aikin ba, jikan malam guda, amma sanyin kwantena ya koya mini yin istigfari ina lodi.

Noriko tana cikin masu kawo aiki. Ta haura talatin, siririya, da tabarau, kullum cikin tufafin ofis masu launin toka, ka rantse ko ƙuda ba ta taɓa kallo sau biyu ba. Ta same ni lokacin hutun rana ina zana motar katako a jikin yagaggen kwali, da lodin buhuna da ɗan akuya a sama. Ta tsaya ta daɗe. Sannan ta ciro takardunta ta nuna mini wani jirgin ruwa da ta zana. Wallahi na ɗauka takalmi ne. Mutane kam ta iya su, ido kamar zai yi magana, amma mota da ruwa da itace sun gagare ta.

Da ɗan Turancinta, da guntun Japancina, da fensir a tsakani, muka ƙulla yarjejeniya. Labarinta na wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ne da wata likita, dukansu manya har da furfura ɗaya-ɗaya, waɗanda a talabijin suka yi yaƙi tare suka rabu ba wanda ya ce wa wani uffan. Ta yi shekaru tana bin su littafi bayan littafi. Ni zan zana jirgi da ruwa da gari da bishiyoyi, har zuwa ƙofar ɗaki. Daga bakin ƙofa zuwa ciki kuwa ba ruwana, ba na gani, ba na tambaya. Ba a taɓa zana ƙofofi masu kyau a Japan kamar nawa ba, kuma duk a rufe.

Mukan zauna ranar Lahadi a wani shagon shayi kusa da tashar jirgi. Rabin lokacin gardama muke. Nakan tambaye ta ina kawunnan kyaftin ɗin nan, wa ya kai gaisuwa gidan likita, yaushe za a sa rana, don abin ya fara yawa. Takan ce sai a littafin ƙarshe. Ni kuma in ba ta labarin gida. Na gaya mata akwai kifi a kogin Zamfara da ya haɗiye kwalekwale da masunci, aka kama shi bayan sati aka tarar da mutumin yana gasa hantarsa. Na ce sauron fadamarmu sai ya yi sallama kafin ya ciji mutum, don girmansa ya kai a ji kunyarsa. Takan yi dariya har ta cire tabarau ta share ido. A duk ƙasar, a teburin nan kaɗai nake komawa Mamman. Sauran wurare ni baƙin mutum ne mai ɗaukar kwali, wanda kujerar kusa da shi a jirgi ba ta samun mai zama.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi. Sunan da ke jikin littattafanta na aro ne. Ba a kai mata kwali gida, tana da wani ɗan ɗakin ajiya da take haya. Ofishinsu ba su sani ba, iyayenta da take zaune da su ba su sani ba. Ta taɓa ajiye fensir ta dube ni ta ce, “Mamman, in aka sani a gidanmu, na daina. Ba wanda zai hana ni, hannun ne ba zai yi ba.” Na ce mata duk surutuna, a kan wannan kam bakina ƙanin ƙafata ne. Kuma da gaske nake.

Da zafi ya shigo muka je babban taron, a wani gini bakin teku a Tokyo wanda za a iya zuba Gummi da Anka a ciki a nemi inda za a sa Bukkuyum a samu. Mutane kuwa, in ka haɗa jama'ar Zamfara da awakinsu ba su kai layin bayan gida ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba mai ture wani. Na tuna ranar kasuwarmu, inda mutum uku kan isa a yi cunkoso. Kowane mai zane yana da rabin tebur da kujera. Littafinmu na wannan karo, a bangonsa na zana kogin Zamfara da yamma, da kwalekwale da gawo a gaɓa, ita kuma ta ɗora kyaftin da likita a ciki. Mata suka yi layi, wasu da furfura, suna karɓa da hannu biyu suna rusunawa. Na ga Noriko ta zama wata daban, tana magana da ƙarfi, fuskarta ta buɗe. Kafin azahar tebur ya zama wayam. Ta ajiye mini guda biyu cikin leda a liƙe. Don alfahari na ba Kawu ɗaya, na ce ga kogin gida. Ya yaba, ya ce abin yara ne amma ruwan ya fito, ya jefa a aljihun motarsa.

Da kaka ta yi, Noriko ta lura na yi shiru kwana biyu. Na ce mata yanzu a gida ana yankan shinkafa. Lahadi mai zuwa ba ta kawo takarda ba, ta sayi tikiti ta ce mu je. Muka yi ta tafiya har gine-gine suka ƙare, muka sauka wani ƙauye. Ina fita ƙamshin ɗanyen karan shinkafa ya buge ni. Na tsuguna bakin gona kamar zan ɗaure takalmi, alhali takalmin ba shi da igiya. Ta bar ni har na gama. Sannan ta nuna mini wani gida daga nesa, mai baƙin rufi da bishiya a gaba, ta ce nan take kwana, gonar da ke bayansa ta babanta ce. Ba mu matsa kusa ba.

A hanyar dawowa na san na kamu. Aurena na fari ya mutu tun kafin in bar gida, kuma na ɗauka na gama da wannan babin. Na yi sati ina juya magana, sannan a shagon shayi na ce mata ina son aurenta. Ta sunkuyar da kai, ta rufe baki da hannu, kunnuwanta suka yi ja. Can ta ce a bari mu gama littafin ƙarshe tukuna.

Na kai wa Kawu labari. Ya ajiye kofinsa ya tambaye ni ko ta tashi ta tafi, na ce a'a. Ko ta ɓata rai, na ce a'a. Ya ce to me nake jira.

“Ɗiya macce ta duƙe kai ta ruhe baki, mi kaka so ta yi kuma, ta buga ganga? Kuma kai jikan malam, kana zama da ɗiyar mutane shagon shayi wata da watanni, ubanta bai san da kai ba. Wanga ba tarbiyyar gidanku ba ta. A tai a gaida dattijo, shi san da mu. Zancen addini da sauran duk shina biyo baya.”

Maganarsa ta shige ni, don abin ya daɗe yana ci mini rai. A wurinmu mai nufin alheri ba ya ɓuya, manyansa yake turawa. Kuma shi mai neman ba ya zuwa, gida yake zama ya jira. Na roƙi Kawu abu ɗaya, kada ya ambaci cewa Noriko tana zane. Ya ce ya ji, ba zai ambata ba.

Ban yi abin a ɓoye ba. Na gaya mata kawuna zai je gaida babanta ranar Lahadi. Ta yi dariya. Na ce da gaske, da babbar riga da goro. Ta tambaya ko a kan kifin nan zai zo, wanda ya haɗiye kwalekwale. Na sake faɗa a tashar jirgi, ta ɗaga mini hannu tana dariya, ƙofa ta rufe. Ni kuma na ɗauki dariyar a matsayin izini. Ban taɓa faɗa mata abu ba tare da ƙari ba, to ta yaya za ta gane ranar da babu?

Ranar Lahadin tana ɗakin ajiyarta tana aikin littafin ƙarshe. Kawu ya sha shadda fara da hula zanna, ya samo goro wurin wasu 'yan Ghana, ya haɗa da akwatin alewa irin wanda Japanawa ke kai ziyara, ya ɗauki limamin masallacinmu don kada ya je shi kaɗai. Ni na zauna a fili cikin gawarwakin motoci ina jira, ina ta share abin da ba ya buƙatar shara.

Bayan la'asar ya dawo. Yadda ya rufe ƙofar mota a hankali ya ishe ni. Ya zauna kan wata tsohuwar taya da babbar rigarsa, ya ce da farko komai ya tafi daidai. Baban Noriko ya yi mamaki, amma ya shigar da su, matarsa ta kawo shayi. Da ya ji Kawu ɗan manoman shinkafa ne sai hira ta ɓarke, iri da ruwa da tsuntsaye, har ya fita da su ya nuna musu rumbunsa. Ya ɗanɗana goro ya yamutsa fuska, aka yi dariya. Kawu ya faɗi abin da ya kawo su, cewa ba amsa suka zo karɓa ba, sun zo ne a san da su. Tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya yi tambayar da kowane uba ke yi daga Gummi har bangon duniya: mece ce sana'ar yaron?

“Nic ce mai zane na, hannunai da albarka. Yac ce shina son shi gani. Sai nit tuna da littahin ga na mota. Nid duba, babu sunan yarinya ko guda. Nic ce to ga kogin garinmu, shi gani da idonai.”

Tsohon ya yaba kogin. Ya ce wanda ya zana ruwan nan ya san ruwa. Sannan ya ɓare ledar. A ƙarshen irin waɗannan littattafai mai zane kan rubuta 'yar gaisuwa ga masu karatu da rubutun hannunta, shi kuwa ya juya shi yana duba bango ta ko'ina har ya faɗa kan shafin. Mutumin da ya riƙe hannun 'yarsa ya koya mata rubutu ba ya buƙatar suna. Kawu ya ce tsohon ya koma farko, ya bi shafi ɗaya-ɗaya har ƙarshe, bai tsallake ko guda ba, matarsa na tsugune a gefensa da butar shayi. Da ya gama ya rufe, bai mayar musu da shi ba, ya gode musu da zuwa, ya raka su har mota, ya rusuna.

Kawu ya dube ni ya ce, “Mamman, ban hwaɗi ba. Wallahi ban hwaɗi ba. Mi ac cikin littahin nan?” Na ce masa ni ma iyakata ƙofa.

Lahadi biyu na je shagon shayi na zauna ni kaɗai. A sati na uku Noriko ta aiko ta hannun tsohon gidan bugu cewa in same ta da rana a wani ɗan lambu kusa da ofishinsu. Na zo da jawabi mai tsawo da na shirya, na ga fuskarta ya gudu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce babanta bai ce mata komai ba, ko kalma. Ta dawo ta tarar da littafin a kan teburin cin abinci, daidai inda take zama, kuma har yau yana nan, ba mai taɓawa, uwarta kan ɗaga shi ta goge ƙasansa ta mayar. Ta ce ta nemi a mayar da ita reshen ofishinsu da ke wani gari mai nisa, an yarda.

Na ce mata Kawu bai ambaci zanenta ba, kuma a wurinmu abin da muka yi shi ne mafi girman daraja da namiji ke yi wa mace. Ta ce ta sani, tsohon gidan bugu ya bayyana mata, kuma ta gode. Na ce to ta gama littafin a can, ni zan aika mata da jirgi da ruwa ta gidan waya, ba sai ta gan ni ba.

“Na gwada,” in ji ta. “Ina ɗora alƙalami sai in ga babban yatsan babana yana juya shafin.”

Na tambaye ta, da an bari an gama littafin, me za ta ce mini. Ta ce ba ta sani ba, lokacin tana cikin tunani ne, kuma tunanin yana mata daɗi. Ta tashi ta rusuna mini irin rusunawar da ake yi wa baƙo, ta koma aiki.

Taron sanyi ya zo. Ana neman tebur tun watanni kafin lokaci, don haka na Noriko yana nan da lambarsa. Tsohon gidan bugu ya aike ni da kwalayen wasu, na sauke, ƙafata ta kai ni layinta ba da shawarata ba. Rabin tebur ne fanko, da kujera a ninke a kai. Na tsaya gefe kamar mai gadi.

Suka fara zuwa. Wata mata mai furfura da jakar goyo ta gane ni tun taron zafi. Ta ce daga can arewacin ƙasar ta taso, ta yi shekaru tana bin labarin, an ce a wannan ne za a ɗaura auren kyaftin da likita. Ta tambaya ko malama ba ta da lafiya. Na ce lafiyarta lau. Ta ce to sai taro mai zuwa? Na ce babu. Ta dube ni, ta dubi kujerar, ba ta tambayi dalili ba. Ashe al'adarsu ce mai karatu ya riƙo wa mai zane 'yar tsaraba. Ta buɗe jaka ta ciro ƙaramin ƙunshin alewar garinsu, ta ajiye a kan teburin, ta rusuna wa kujerar da ba kowa, ta wuce. Ta bayanta ta yi haka. Wasu biskit, wasu ganyen shayi, wata har da abin ɗumama hannu. Na yi ta cewa ba za ta zo ba, suna ta ajiyewa.

Da aka tashi, masu kula da wurin suka ce a kwashe komai. Ba wanda ya san mai teburin sai ni. Na zuba su a kwalin da na kawo littattafan wasu, na ɗauka na shiga jirgi. Sabon garinta ban san adireshi ba. Gida ɗaya na sani a duk Japan, mai baƙin rufi da bishiya a gaba, kuma nan ne kaɗai ba zan iya kai su ba. Na zauna da kwalin a cinya, jirgi ya wuce tashata ina gani, ban tashi ba.